Tayoyin Gaba Ba Su Juya Ba

Makullin jif ɗin a ƙusa ta uku yake rataye, bayan ƙofar ofishin Kawu. Shekara biyu na yi ina kallonsa kafin a bar ni in taɓa shi.

Kawu yayan Ummata ne. Kamfanin haƙa rijiyar burtsatse gare shi: injin haƙa ɗaya, manyan motoci biyu, wata tsohuwar motar winci mai wayar janyo abin da ya kafe, sai jif ɗin da ake zuwa duba wuri da ita kafin a kai inji. Da na gama sakandare takardar ba ta kai ni ko'ina ba. Umma ta sa ni a gaba har yadinsa, ta ce ga ɗanka nan, ka yi yadda ka ga dama da shi. Na yi dakon bututu. Na wanke inji har fatar hannuna ta canja launi. Na koyi tuƙi tsakanin duro-duron man dizal. Ran da ya miƙo min makullin bai yi dogon bayani ba.

"Dogo," ya ce, "mota tana kafewa, ba abin kunya ba ne. Amma ran da ta kafe saboda sakacinka, ka mayar da wannan ƙusa da hannunka. Kada ka jira in faɗa."

Jif ɗin tsohuwa ce, ta girme ni. Ba irin na yanzu ba ce da ake danna maɓalli. A tsakiyar kowace tayar gaba akwai wani ɗan murfi mai kunne, hob ake ce masa. Sai ka sauka ka murɗa shi da hannu, na dama da na hagu, sannan tayoyin gaba su haɗu da inji. In ba ka murɗa ba, ka ja giyar ƙarfi har kafaɗarka ta goce, wuta ma ta kama a dashbod ta yi maka ƙarya, tayoyin gaba 'yan rakiya ne kawai. Dokar Kawu ba ta da wuya. Inda kwalta ta ƙare ka tsaya, ka sauka, ka murɗa. In ka ga ruwa ko laka, ƙafarka da sanda su riga mota shiga.

Wata shida makullin yana aljihuna. Ban kafe ko sau ɗaya ba.

Sai Manaja.

Manaja mijin 'yar Kawu ne, wadda muke kira Anti. Wata tara da aure, wata takwas da kujera a ofis. Gajere ne, mai ƙaton agogo da farin takalmi. Bai taɓa ɗaga bututu ba. Bai san bambancin ƙarar injin da ya sami ruwa da wanda ya ci karo da dutse ba. Abin da ya sani shi ne bidiyon masu hawa duwatsu da mota, yana kallo a waya, ƙafa bisa tebur, baki buɗe. Shi ya sa aka ɗaura wa jif ɗin fitilu huɗu a kai da wata bambar baya mai walƙiya, siririya kamar ƙarfen gado. Kawu ya kalle ta ya wuce. Suruki ne.

Ni kuwa ba ya kiran sunana. Sakandare yake ce min.

Ranar Asabar ce. An sha ruwa kwana biyu a jere. Za mu duba wani fili da ke bayan fadama, wajen awa ɗaya daga gari. Ni kaɗai aka ce in je in ga ko babbar mota za ta iya shiga. Ina duba mai sai ga Manaja da wani abokinsa da yake kira Barista, mai tumbi da baƙin tabarau.

"Sakandare, da mu za a je. Barista bai taɓa ganin abin da motar nan ke iya yi ba."

"To, Yaya."

"Manaja."

"To, Manaja."

Duk hanyar surutu suke. Manaja yana bayanin yadda ake ratsa laka. Wai sirrin gudu ne. Wai matsoraci ne ke kafewa. Barista yana cewa ai kai gwani ne, yana cin biskit yana zubar min da ɓurɓushi a kujera.

Inda kwalta ta ƙare akwai wata karyayyar alama da tarin tsakuwa. Na tsaya kamar kullum. Na ja birkin hannu, na buɗe ƙofa.

"Yawwa," in ji Manaja. "Koma baya. Daga nan ni zan karɓa."

"Manaja, bari in fara..."

"Ka fara me? Koma baya na ce."

"Tayoyin gaba ne, sai an..."

Ya juya wajen Barista yana dariya. "Ka ji fa. Sakandare zai koya min mota. Kai, da za ka iya koyar da wani, da jarrabawa ba ta kayar da kai ba. Rufe min baki har mu dawo. Ban son jin ko tarinka."

Barista ya yi dariya har biskit ya sarƙe shi.

Na tsaya da hannu a ƙofa. Tayar gaba ta hagu tana nan kusa da gwiwata. Ina ganin kunnen hob ɗin, yana kallon inda ba a kulle ba. Sunkuyawa ɗaya ce, sai in zagaya ɗaya gefen, wata sunkuyawar. Na kalle shi. Na kalli farin takalmin Manaja.

Ya ce ban da tari. Na zagaya na shiga baya, na zauna kusa da shebur.

Ya jawo kujera gaba har sitiyari ya kusa taɓa ƙirjinsa. Ya kama giyar ƙarfi da hannu biyu ya fizga. Koriyar wuta ta kama a dashbod.

"Ka gani, Barista? Yanzu duk tayoyi huɗu suna aiki. Ko bango ne za mu hau. Ɗauki bidiyo."

Mil biyu na farko ƙasa ce mai tauri, ko keke zai wuce. Manaja yana tuƙi da hannu ɗaya. Sai hanyar ta gangara, ciyawa ta yi kore shar, ƙasa ta yi baƙi tana sheƙi. Ni da na san wurin, ta gefen dama ake bi, inda saiwoyin bishiya suka riƙe ƙasa, a hankali, giya ta biyu. Tsakiya kuwa tarko ce. Sama ta bushe kamar ɓawon burodi, ƙasa kunu.

Tsakiyar ya nufa. Da gudu.

Mun yi tsawon mota huɗu da ƙarfin gudun da muka zo da shi. Sai motar ta yi nauyi, bayanta ya karkata, ta tsaya. Manaja ya taka totur. Inji ya yi ihu. Baya ya zauna. Ya sa ribas ya taka. Baya ya ƙara zama. Ya sa ta ɗaya ya taka har ƙasa, ya riƙe, kamar wanda ke jin haushin totur ɗin. Ina jin tayoyin baya suna haƙa ƙarƙashina, ina jin muna sauka a hankali kamar guga a rijiya. Warin kuloci ya cika motar.

"Tana zuwa," in ji shi. "Tana zuwa."

Ba inda take zuwa sai ƙasa.

Barista ya sauke wayar. "Manaja, anya haka ake yi a bidiyon?"

"Nauyi ne ya yi yawa a baya. Sakandare, sauka ka tura."

Na sauka. Laka ta kai min gwiwa, mai sanyi, mai wari. Na duba. Tayoyin baya sun nutse har rabi, salansa tana tofar da kumfa. Na gaba suna zaune a kan ɓawon ƙasa lafiya lau, kamar baƙi a gidan biki. Na dafa ƙofar baya.

"Ka shirya?"

Ban amsa ba. An hana ni tari.

Ya taka. Tayoyin baya suka watso min laka a ƙirji, a wuya, a baki, a cikin kunne. Na rufe ido na tsaya. Sau uku muna haka. A na ukun shasi, ƙarfen ƙarƙashin motar, ya zauna daram a ƙasa, tayoyin suka koma juyawa a banza cikin ramin da suka haƙa wa kansu.

Inji ya mutu. Aka yi shiru, sai kwaɗi.

Manaja ya leƙo ta taga. Saukowa yake son yi, amma ga takalmi. Da ƙyar ya taka matakalar gefe, ya yi tsalle zuwa wani curin ciyawa, daga nan ya yi wani zuwa busasshiyar ƙasa. Barista ya bi shi, ƙafa ɗaya ta zurma, ya fito ba takalmi ɗaya, yana kiran sunan Allah.

"Motar nan ta tsufa," in ji Manaja. "Na sha gaya wa Baba."

Wajen awa ɗaya muka yi a haka. Ni ina haƙa da shebur, su suna ƙarƙashin bishiya suna shawara. Can sai ga wata tifa ta masu yashi ta biyo ta gefen tudu. Manaja ya tare ta da hannu biyu. Mai tifar ya sauko, tsoho-tsoho, da tsinke a baki. Ya kalli jif ɗin ya kalli ramin.

"Rijiya kuka zo haƙawa da ita?"

"Malam, ja za ka yi mana, ba tambaya ba."

"Sai in ja. Ina ƙugiyarta?"

Ƙugiyar ja tana jikin shasi, shasi kuwa yana cikin laka. Na nuna wurin da shebur. Na ce sai na ƙara haƙa kamar minti ashirin kafin hannu ya kai.

"Wa ya ce ka yi magana?" in ji Manaja. "Minti ashirin! Ga ƙarfe nan a fili." Ya nuna bambarsa mai walƙiya. "Ƙarfen waje ne. Ni na zaɓo shi."

Mai tifa ya cire tsinken daga baki. "Yallaɓai, wannan ai na ado ne. Ko shanya ka yi a kai sai ya lanƙwasa."

"Motarka ce?"

"A'a."

"To ɗaura."

"Ni dai ba da hannuna ba."

Manaja ya karɓi sarƙar mai tifar ya jefo min. Na naɗa ta a bambar yadda ya nuna. Na matsa can nesa, bayan bishiya, don na san abin da sarƙa ke yi in ta kuɓuce. Mai tifa ma ya kori Barista gefe. Ya shiga, ya ja a hankali. Sarƙa ta miƙe. Jif ɗin ba ta ko girgiza ba.

"Taka mana!" Manaja yana ihu yana kaɗa hannu. "Taka da ƙarfi!"

Ya taka. Aka ji ƙarar ƙarfe yana yagewa. Bambar ta fita da kusoshinta, ta tashi sama tana juyawa, ta daki ƙofar baya ta farfasa gilas, sannan ta bi tifar tana tsalle a ƙasa kamar kare a igiya.

Mai tifa ya sauko, ya kwance sarƙarsa, ya naɗe. Ya ɗauki bambar ya miƙa wa Manaja da hannu biyu.

"Ga rabin motar na fitar muku. Sauran sai ku nemi mai rabo."

Ya tafi.

Manaja ya daɗe yana kallon gilas ɗin. Na ga lokacin da tsoron Kawu ya shige shi. Ya ciro waya ya matsa bayan bishiya, amma fadama ba ta ɓoye murya.

"Baba, ina kwana... lafiya lau... Baba, 'yar matsala ce. Yaron nan ne. Na ce masa ya bi gefe, ya ƙi... Eh, shi ke tuƙi... Har da gilas, wajen ja. Ni ma ban so na faɗa ba, Baba, saboda Umman tasa."

Shebur yana hannuna. Na soke shi a laka, don kada hannun ya yi abin da ban sa shi ba.

Ya zo bakin lakar, murya ƙasa-ƙasa, har da murmushi.

"Ƙanina."

Yau na zama ƙani.

"Ka gane, kai yaro ne, in ka yi kuskure ba komai. Faɗa zai yi ya huce. Ni kuwa ka san matsayina a gidan. Ka ce kai ne kawai. Ni zan san yadda zan yi da kai."

"Zai karɓi makullin."

"Makulli! Don makulli? Zan sa a mayar maka."

Na zare shebur na ci gaba da haƙa. Ya ɗauka na yarda. Ya sa Barista ya goge bidiyon a gabansa. Ya sake tsallen curin ciyawa, ya zura hannu ta taga ya tura kujerar direba baya, daidai tsawona. Har madubi ya gyara. Ban taɓa ganin ya yi aiki da hankali haka ba.

Rana ta take tsaka lokacin da muka ji ƙarar motar winci. Kawu da kansa ya tuƙo. Ya tsaya a kan tudu, ya sauko. Bai gaisa da kowa ba. Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota kafin ya mallaki ko taya ɗaya, kuma har yau haka yake tafiya, ƙafafu a buɗe, kamar ƙasa za ta motsa.

Manaja ya tare shi. "Baba, sannu da hanya. Wallahi na yi ta gaya masa..."

Kawu ya ɗaga hannu. Ya cire takalmi ya ajiye a kan bonet ɗin wincin. Ya naɗe wando. Ya shiga lakar.

Ya zagaya motar sau ɗaya, a hankali. Ya tsaya a baya ya kalli ramukan biyu. Ya kalli inda bambar ta fita. Ya zo gaba ya kalli tayoyin, zanensu ma ana gani. Ya sunkuya ya shafa hob ɗin hagu da babban yatsa. Ya miƙe. Sai ya kalle ni, tun daga gashin kai har inda laka ta haɗiye ni.

"Dogo, kai ka tuƙa?"

"A'a, Kawu."

"Ka ji ko, Baba?" in ji Manaja. "Har ƙarya. Barista, gaya masa."

Barista ya gyara tabarau, yana tsaye da ƙafa ɗaya ba takalmi. "Eh to... shi ne dai, ranka ya daɗe. Kamar dai shi ne."

"To," in ji Kawu. Ya juya ga Manaja. "Kai kana ina?"

"Ina gefensa, Baba."

"Ya sa giyar ƙarfi?"

"Ni na tuna masa ma. Wuta ta kama, na gani da idona. Duk huɗun suna juyawa."

"Duk huɗun."

"Duk huɗun, Baba."

"Da ta kafe, wa ya tura?"

Manaja ya ɗan tsaya. "Mu... mun ɗan taimaka."

Kawu ya kalli farin takalmin. Ɗigo uku ne a kai. Ya kalli rigar Barista, ɓurɓushin biskit ne kawai. Ya miƙo hannu ya kama haɓata, ya juya fuskata gefe kamar mai duba rago, ya sa yatsa a kunnena ya ciro laka ya nuna musu.

"Wannan feshin tayar baya ne. Sai taya tana juyawa take feshi, sai da ƙafa a kan totur take juyawa. Yaron nan dogo ne, na sani. Amma bai kai ya tsaya a baya ƙafarsa tana gaba ba." Ya share yatsan a wando. "Barista, kai ka taka?"

"Ni? Ranka ya daɗe, ni mai kuloci ma ban iya ba."

Kwaɗi suka ci gaba da abinsu.

"Baba, abin da ya faru shi ne..."

"Ba komai," in ji Kawu. "Tunda ka iya, sai ka taya mu. Je ka kulle min hob."

"Hob."

"Hob."

Manaja ya yi tsallensa na curin ciyawa, ya buɗe ƙofa, ya zauna. Ƙafarsa ba ta kai feda ba, don da hannunsa ya tura kujerar. Ya fara laluben dashbod. Ya danna wani abu, waifa ta tashi. Ya danna wani, fitilunsa huɗu na kai suka kama da rana tsaka. Ya buɗe aljihun gaba ya leƙa ciki.

Kawu ya bar shi ya yi minti biyu cur. Na ƙirga.

"Ba a ciki yake ba, ɗana. Sauko. A'a, ba ta ciyawa ba. Ta nan."

Farin takalmi ya shiga. Na dama, sannan na hagu. Laka ta karɓe su da wata 'yar ƙara da ba zan manta ba. Kawu ya nuna masa murfin. Manaja ya sunkuya, bai kai ba, ya durƙusa. Ya murɗa ta inda ba nan ba. Kawu ya ce ɗaya gefen. Ya murɗa, hob ɗin ya ce ƙas. Ya rarrafa ya zagaya gaban motar, agogo ya shiga laka, ya murɗa na biyun.

"Shi ke nan," in ji Kawu. "Abin da ya rage tun safe ke nan."

Sauran aikin namu ne, ni da Kawu. Na ƙarasa haƙa bayan tayoyin baya na yi musu gangara. Muka kafa jak a kan faffaɗan katako, muka ɗaga gefe ɗaya, muka cusa duwatsu da rassa a ramin, muka sauke, muka koma ɗaya gefen. Shasi ya rabu da ƙasa. Kawu ya sassauta iskar tayoyin huɗu har suka yi ciki. Na kai hannu ƙugiyar gaske, na saƙala wayar winci, ya jefa tsohon bargo a tsakiyarta ko da za ta tsinke. Manaja aka ba shi aikin ɗebo duwatsu. Yana kawo su ɗaya-ɗaya, a rungume, kamar jarirai.

"Shiga," Kawu ya ce min. "Ribas. Kada ka taka, bar ta ta yi tafiyarta."

Na shiga. Kujerar daidai ni, an riga an gyara min. Na tayar. Na saki kuloci a hankali. Na ji gaban motar ya kama ƙasa, abin da bai yi ba duk yinin. Wayar wincin ko miƙewa sosai ba ta yi ba. Jif ɗin ta fito da kanta, tana ɗigar laka, ta hau tudu ta tsaya.

Na kalli Manaja ta madubi. Baƙi ƙirin har ƙugu, bambarsa a ƙafarsa. Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin haƙorana.

Kawu ya ba Manaja makullin wincin? A'a. Ya kira wani direbanmu a waya ya ce ya zo ya ɗauke ta, ya ce Manaja da Barista su zauna su yi gadinta. Shi kuwa Kawu ya shiga jif ɗin, gefena.

"Mu je."

Muka kama hanya. Iska tana shigowa ta fasasshen gilas. Laka tana bushewa a jikina tana ja min fata. A raina ina tsara yadda zan ba Umma labarin, da inda zan tsaya don ta yi dariya.

Da muka iso karyayyar alamar nan, bakin kwalta, ya ce in tsaya. Na tsaya. Na sauka na buɗe hob ɗin biyu, kamar yadda ake yi in za a hau kwalta. Na dawo na zauna. Bai ce mu tafi ba.

"Nan ya karɓe ka?"

"Nan ne, Kawu."

"Ka sauka ta wannan ƙofar."

"Eh."

"Taya tana ina?"

Na leƙa ta taga na kalle ta.

"Yanzu na duba agogo da ka sauka. Ko rabin minti ba ka yi ba, duka biyun."

"Na fara gaya masa, Kawu. Sau biyu. Ya ce in rufe baki."

"Baki ya ce ka rufe. Ya ɗaure maka hannu?"

"Ya ce jarrabawa ta kayar da ni. A gaban abokinsa."

"Ta kayar da kai ɗin ai."

Na kalli sitiyari.

"Da ta fara haƙa, kana zaune a baya kana ji. Da ka sauka turawa, ka ga na gaba a tsaye. A lokacin ma da ka murɗa, da ta fito. Da aka zo ga bamba, da hannunka ka naɗa sarƙa, sannan ka ɓuya bayan bishiya. Ka san abin da za ta yi ke nan. Da kan wani ta samu fa?"

"Shi ya ce..."

"Shi jaki ne a kan mota, wannan na sani tun kafin in ba shi 'yata. Bai san akwai hob a duniya ba. Kai ka sani. Ka zauna ka naɗe hannu kana jira motata ta nutse don ka ga takalminsa a laka." Ya juyo ya kalle ni sosai. "To ka gani. Ya yi kyau?"

Gaskiyar ita ce ya yi kyau, kuma ya san haka.

"Ja mu tafi," ya ce.

Yadin ba kowa sai mai gadi. Na ajiye jif ɗin a wurinta. Na wanke ta, sama da ƙasa, na kwashe gilas ɗin da tsintsiya, na share ɓurɓushin biskit. Kawu yana ofis, ƙofa a buɗe, yana duba wata takarda da na tabbata ba karantawa yake ba.

Na shiga. Na tsaya. Na jira ko zai ce wani abu, ko wata uku, ko sai ka yi hankali, ko wani abu dai mai iyaka. Ya juya shafi.

Na zagaya bayan ƙofa. Ƙusa ta uku. Na rataye.

"Litinin injin zai fita ƙarfe shida," ya ce, bai ɗago ba. "Bututu arba'in ne."

Umma ta tambaye ni me ya sami kunnena. Na ce laka ce. Ban ba ta labarin ba.

Ranar Litinin ina ɗauke da bututu na goma sha ɗaya a kafaɗa Manaja ya shigo yadin, ƙarfe tara da rabi, da sabon takalmi. Ruwan ƙasa ya saya wannan karon. Ya wuce ta gaban jif ɗin, ya ɗan rage tafiya, ya saci kallon tayar gaba. Ya ga ina kallonsa. Ya buɗe baki zai ce Sakandare, ya fasa, ya shige ofis ya kunna fanka.

Na gyara bututun a kafaɗa. Saura ashirin da tara.